Launin atamfa a fuskar sabon tabilet: abin da na gani cikin kwana tara

Turmin atamfa huɗu da aka maido mini daga Dakoro su suka kai ni sayen tabilet. Ina sayar da atamfa da leshi da shadda a cikin gida, a unguwar Zariya nan Maradi, kuma fiye da rabin cinikina ta hoto ake yin sa. Masu kaya a Kantin Kwari su turo mini hotuna daga Kano in zaɓa, kaya su biyo ta Jibiya da Ɗan Isa su iso, ni kuma in ɗauki nawa hoton in ɗora a WhatsApp, mata su zaɓa, in kai tasha. Wata Hajiya da muka shekara uku muna hulɗa ta zaɓi ankon bikin ɗiyarta. A wayata launin ya fito ruwan hanta, ita ma haka ta gani a tata. Da kaya suka isa hannunta sai ga shi ya fi kusa da ruwan goro. Ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Ƴar uwa, ba wannan na gani ba." Na kwana biyu maganar tana ci mini rai, domin gaskiya ta faɗa, kuma amanar da ke tsakaninmu ta fi turmi huɗu tsada.

To ni ba kallo ko wasa ya kai ni kasuwa ba. Fuskar da za ta nuna mini ja a ja, shuɗi a shuɗi, ita nake nema.

Ƙanena da ke karatu a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo shi ya raka ni shagunan waya na gefen babbar kasuwa. Na cusa ƙyalle uku a jaka: wani yanki na waccan atamfar da aka maido, guntun shadda ruwan omo, da leshi kore mai duwatsu. Mai shagon ya fara fito mana da wani mai araha, ya ce, "Hajiya, wanga ma inci goma ne, kuma kuɗɗinshi bai kai rabin wancan ba." Ƙanena ya juya kwalin ya karanta, ya ce, "Yaya, duba nan, 1280 sau 800 ne. Wancan 1920 sau 1200." A nan na fara jin ma'anar lambobin. Hoton da ke kan fuskar, wadda masu shago ke kira ekaran, haɗuwar ƙananan ɗigo-ɗigo ne na haske da ake ce wa piksel, kamar yadda zare ke haɗuwa ya ba da zane. Mai arahar yana da ɗigo miliyan ɗaya da ƴan kai, ɗayan kuma miliyan biyu da dubu ɗari uku. Wadda ta saba murza yadi tsakanin yatsu biyu don ta ji cikar saƙarsa ba ta bukatar dogon bayani a nan. Na buɗe hoton leshin a duka biyun, na buɗa shi da yatsu. A mai arahar ramukan leshin sun dunƙule, gefensu ya yi kamar haƙoran zarto. A ɗayan ina iya ƙirga zaren da ya zagaye kowane rami. Na biya jika 110 na sefa bayan an ɗan ja, ya haɗa mini da riga da gilashin kariya.

Ga abin da ke rubuce a kwalinsa, don mai son kwatantawa: fuska inci 11 irin wadda ake kira IPS, sabunta hoto sau 90 a daƙiƙa, ram (wurin da yake riƙe aikin da yake yi a take) giga 8, ma'aji giga 128, batir 8000 mAh, Android 14, kuma yana ɗaukar sim.

Daren farko har na yi nadama. Na kunna shi a ɗaki, na buɗe hotunan kayana, sai na ga kowace atamfa ta yi wani irin kyau da ba ta da shi a zahiri. Jan ya yi wur kamar an zuba masa manja, koren ya koma algashi mai kashe ido, ruwan ƙwai ya zama ruwan lemo. Wanda ke neman abin kallo zai ji daɗi. Ni kuwa gabana ne ya faɗi, don irin wannan ƙaryar ce ta jawo mini asara tun farko. Da safe na kira ƙanena, ya ce in shiga saituna, wurin da ke kula da fuska, in nemi tsarin launi. Ashe an saita shi tun daga masana'anta a kan wanda ke ƙara wa launi kauri, don ya ja idon mai saye a shago. Akwai wani zaɓin na launin asali. Da na koma kansa, komai ya lafa. Minti biyar na farko sai na ga kamar an wanke hotunan da ruwa sun koɗe, amma da na shimfiɗa ƙyallen a gefen fuskar, a inuwar zaure da hantsi, sai na ga wannan koɗaɗɗen shi ne gaskiya.

Na ɗauki safiya guda ina wannan gwaji, ƙyalle bayan ƙyalle. Ruwan omo ya fito daidai. Ruwan toka da ruwan ƙasa da ruwan zuma duk sun fito daidai, har ban ga abin da zan gyara ba. Shuɗi mai duhu, irin na baba, ya ɗan fi na zahiri haske kaɗan. Inda na fi zuba ido shi ne tsakanin ruwan hanta da ruwan goro da makuba, launuka ukun da suka fi haɗa mu faɗa da masu saye, kuma ya raba su sarai. Na buɗe tsohon hoton da na tura Dakoro, na ɗora ƙyallen a kusa. A kan wannan fuskar bambancin bai ɓuya ba: hoton ya fi atamfar duhu, ya kuma karkata wajen shuɗi. Kenan kyamarar tsohuwar wayata ce ta canza launin, don na ɗauki hoton da dare a ƙarƙashin farin ƙwan lantarki, fuskarta kuma ba ta nuna mini ta canza ba. Da ina da wannan tabilet a lokacin, da na gani kafin in tura.

Dalilin da ya sa wasu launukan ke ba na'ura wahala shi ne kowane ɗigo ɗaya kashi uku ne ƙanana, ja da kore da shuɗi, daga cakuɗa su ake samun duk sauran. Ruwan hanta ja ne da aka rage masa haske aka ɗiga masa shuɗi kaɗan. Shuɗin ya ragu da ƙiris, koren ya ƙaru da ƙiris, ya zama ruwan goro. Duk wadda ta taɓa tsayawa bakin marina ta san yadda tsoma ɗaya ke canza zane.

Akwai tarko guda da na faɗa ciki a kwana na uku. Na kunna abin nan na kare ido, wanda ke rage shuɗin haske da dare, na manta ban kashe ba. Da safe mai kaya ya turo hotunan farar shadda, na gan ta ruwan madara, har na rubuta masa cewa ba irin wannan farin nake so ba. Abin kare idon ne ya sa wa komai rawaya-rawaya. Yanzu na sa masa lokaci, ya kunna kansa bayan lisha ya mutu da asuba, kuma ba na zaɓen kaya da dare ko da wa ya turo.

Shadda dai ba fuskar da za ta iya mata adalci a hoto. Kyanta a ƙyallinta yake, ƙyallin kuma sai an motsa ta yake fitowa. Abin da na koma yi shi ne gajeren bidiyo na daƙiƙa goma, ina karkata ta a haske, kuma a faɗin inci 11 furen da ke cikin saƙar yana bayyana yana ɓacewa kamar a hannu kake riƙe da ita.

Abin da ban yi tsammani ba, kuma ya zama shi na fi so, shi ne yadda ake ganin fuskar daga gefe. Ranar Asabar mata biyar suka zo zaɓen kayan sallar layya, muka zauna a tabarma, na jingina tabilet ɗin da turmin atamfa a tsakiya. Da waya nake yi a da, ta bi hannu-hannu, kowa ta riƙe ta ƙi saki, wata ta latsa abin da ba a sa ta ba. Wannan karon duk muka kalli abu ɗaya a lokaci ɗaya. Wadda ke can ƙarshen tabarma, tana kallo a karkace, launin da ta gani shi ne na ta tsakiya, haske ne kawai ya ɗan ragu. Amfanin IPS ke nan, tsofaffin fuskoki masu araha da ka karkata su sai launin ya juye, baƙi ya koma toka. Wata dattijuwa a cikinsu ta ce, "Ɗiyata, buɗa mini wancan furen in gani da kyau." Na buɗa shi ya cika fuskar, ta ce zanen ya yi mata girma, ta zaɓi wani. Da a waya ne, sai an ɗinka sannan ta gano.

Rauninsa kuwa rana ce, kuma ba ƙaramin rauni ba ne ga ɗan Maradi. Hasken fuskar a kwali nit 400 da ɗan wani abu ne (nit ma'aunin haske ne), alhali manyan wayoyin zamani suna wuce 1000 a cikin rana. A ɗaki rabin hasken ma ya isa. A inuwar bedi sai na kai shi ƙarshe. A tsakar gida da azahar, cikin wannan rana ta Afrilu, fuskar madubi take komawa, kallabina da sararin sama kawai nake gani. Na je tasha kai saƙo ranar Litinin, direba ya nemi in nuna masa hoton ƙullin da lambar mai karɓa, sai da muka shiga ƙarƙashin rumfar mai shayi sannan ya iya karantawa. Wanda aikinsa a fili yake, mai awon gyaɗa ko aya a kasuwa, ko malamin gona da ke yawo ƙauyuka, ya fita da tabilet ƙofar shago ya duba shi a rana kafin ya ƙirga kuɗi. Hasken cikin shago yana rufa wa kowace fuska asiri.

Gilashin kuma yana kama shatin yatsa da ƙura ba kaɗan ba. Hannun da ya shafa mai ya taɓa shi sau biyu, ya yi dabbare-dabbare. Ina ajiye guntun yadi mai laushi a cikin rigarsa, kuma ina hure ƙurar kafin in goge, don yashi na karce gilashi.

Da dare in an ɗauke kuran, baƙin da ke kan fuskar ba ya yin ƙirin, yana ɗan yin toka-toka, kuma a kusurwa ɗaya ta ƙasa akwai ɗan haske da ke tsiyaya. Haka irin wannan fuskar take, fitila ce a bayanta tana ci koyaushe, ɗigon suna tare hasken ne kawai. Irin su AMOLED kowane ɗigo da nasa hasken, in ya mutu ya mutu, shi ya sa baƙinsu ya fi, kuɗinsu ma ya fi. Ga aikina wannan bai rage ni da komai ba.

Inna ce ta ƙwace shi da asuba. Idonta ya yi rauni shekara biyu ke nan, wasullan ƙaramin Alƙur'aninta sun daina rabuwa mata, tana karatu da ka tana bin layi da yatsa. Na sauke mata mushafi na ruwayar Warshu, wadda da ita ta yi karatun allo, na tsayar da tabilet ɗin a tsaye, shafi guda ya cika fuskar. Fataha da kisira da rufu'a da ɗaurin kowane harafi suka fito mata rangaɗau. Ta yi shiru tana kallo, sannan ta fara karatu a hankali, ba yatsa. Na fita na ba ta wuri don kada ta ga idona. Tun ranar, daga sallar asuba zuwa fitowar rana tabilet ɗin nata ne, ba mai taɓawa.

Rubutun boko ma yana fita da kyau, duk da ƙanena ya lissafa mini cewa ɗigo 206 ne a kowane inci, ƙasa da na wayata mai kusan 270. In ka kawo shi dab da hanci za ka ga gefen ƙananan haruffa bai kai na waya santsi ba, amma ba wanda ke riƙe tabilet a nan. Na sa Hausa a madannin Gboard, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ duk suna fitowa da lanƙwasarsu, ba akwatin banza a madadinsu. Mu nan Nijar ƴ muke rubutawa inda ƴan uwanmu na Najeriya ke rubuta 'y, kuma yanzu da aka ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025, ina ganin ya kamata ko lissafin bashi mu riƙa rubuta shi daidai.

Batun sauri ba ni da dogon ƙorafi. Ƙwaƙwalwar da ke cikinsa Helio G99 ce ta kamfanin MediaTek, wadda ta fito a 2022, kuma tana cikin wayoyi masu matsakaicin kuɗi da yawa a kasuwarmu. Injuna takwas ne a cikinta, biyu manya don aiki mai nauyi, shida ƙanana masu tattalin batir. Na kwashe hotunan kaya fiye da dubu uku daga wayata na zuba masa. Ranar farko ya ɗan yi nawa yana jera su, daga nan kuwa in na ja yatsa sai su gudana ba tangarɗa. A nan ne sau 90 ɗin nan ke nuna kansa: wasu wayoyi masu araha sau 60 suke sabunta hoto, da ka ja jerin hotuna sai su dushe har ka tsaya, a nan kuwa ina iya gane atamfar da nake nema tana cikin wucewa. A bidiyo dai ba ya ƙara komai, don bidiyon da kansa hotuna 30 ne a daƙiƙa galibi.

Ina raba fuskar biyu, WhatsApp a hagu, littafin lissafi a dama, in ga saƙon mai saye in rubuta a take. Lambata ɗaya ce a waya da tabilet, tunda WhatsApp na yarda a haɗa har na'ura huɗu da asusu guda. Wannan kaɗai ya rage mini rikicin wa ya biya, wa ya ba da rabi.

Wani abu da mai saye ya kamata ya sani: a kwalin an rubuta 8+8, mai shago kuma ya ce mini ram 16 ne. Takwas ne na gaskiya. Ɗaya takwas ɗin aro ne daga ma'aji, kuma ma'aji bai kai ram sauri ba. Haka giga 128 ɗin, ba duka za ka samu ba, Android da kayan da suka zo a ciki sun riga sun ci nasu kason. Ƙanena ya sauke wata manhaja mai suna CPU-Z tun muna shagon, ita ta nuna ainihin abin da ke ciki, ya kuma dace da kwalin. Ya ce a yi haka da kowane tabilet, musamman waɗanda ba a san sunansu ba masu rubuta manyan lambobi a kuɗi kaɗan.

Sau ɗaya ya sare mini, kuma zafi ne. Na bar shi a kan keken ɗinki kusa da taga yana caji, ina tura bidiyo goma sha biyu, zafin gari ya haura 40. Bayansa ya ɗau zafi kamar murfin tukunya, hasken fuskar ya ragu da kansa, komai ya koma tafiyar hawainiya. Na cire cajin na kai shi ɗakin Inna mai sanyi, cikin kwata ya dawo daidai. Na'urar ce ke rage gudu don kada ta ƙone, kuma zafi shi ne babban abin da ke tsufar da irin wannan batir. Yanzu da dare ko da sassafe nake cajinsa.

Batirin yana kai ni daga safe zuwa dare ya bar saura wajen kashi talatin, da karatun Inna a ciki. Cikarsa ce ke da jinkiri, kusan awa uku da cajar wat 18 da ta zo a kwali, abin da ba daɗi a ranar da wuta ke zuwa tana komawa. Kyamararsa kuwa ta kiran bidiyo ce da ɗaukar rasit, ba ta atamfa ba. Na gwada, launin ya fito a mace. Lasifikansa suna da ƙarfi, ana jin wa'azi har madafa. Nauyinsa wajen rabin kilo ne, hannu ɗaya na gajiya, sai an jingina.

Don haka hoton kaya har yanzu da waya nake ɗauka, amma na canza yadda nake yi. Da hantsi, a inuwa, ba ƙwan lantarki, ba walƙiyar kyamara. In tura wa tabilet, in shimfiɗa atamfar a gefensa in kwatanta. In bai yi daidai ba in sake. Wajen turawa kuma ina danna HD, ko in aika shi a matsayin fayil, saboda WhatsApp na matse hoto don tattalin forfe, wato data, ƙananan zane kuma su suke fara narkewa.

Saura abu guda da tabilet ɗina ba shi da iko a kai, wato fuskar wayar wadda zan tura wa. Jiya Hajiyar Dakoro ta kira, ƙanwar amarya ce za a aurar bayan salla, tana son anko. Na zaɓi atamfa ruwan hanta ta gaske, na aiki yaro ya sayo mini jan goro ɗaya, na ɗora shi a kan atamfar tare da farar takarda, na ɗauki hoton su uku. Na kwatanta a tabilet har sai da goron hoto ya yi kama da goron hannuna, sannan na tura. Na ce mata, "Hajiya, ki riƙe jan goro a hannunki ki duba. In na hoton ya yi daidai da naki, to atamfar ma yadda kika gan ta haka take. In ya fi naki duhu, ki san ita ma ta fi haske a zahiri." Bayan la'asar ta turo saƙon murya tana cewa ta gwada, ta ga tazarar da ke tsakanin goron da zanen, in ɗaure mata turmi shida. Suna nan a ƙulle bakin ƙofa, motar Dakoro ta gobe da safe za ta tafi da su.